Koren dutse daga Doguwa: in zuba kuɗina ko in dakata?

Alhaji Sabo: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shawara nake nema, don Allah wanda ya san harkar ya yi magana. Jiya bayan la'asar wani yaro da na sani tun yana goye ya same ni a rumfa a Kwari, shi da mutum biyu. Suka kwance leda suka ciro dutse, kore shar, gefe guda kuma shuɗi kamar an tsoma shi a marinar Ƙofar Mata. Suka ce daga wajen Doguwa aka ɗauko shi, wai sun kai inji sun huda ƙasa sun tarar da jan ƙarfe da azurfa a cikin duwatsun aman wuta. Har da takarda mai lambobi da hatimi. Suna so in shigo da naira miliyan 15 a ci gaba da haƙa, a ba ni kaso. Ni shadda da atamfa na sani. Tambayata ta farko ma, ashe akwai dutsen aman wuta a ƙasar Kano?

Aminu: Wa alaikumus salam Baba Alhaji. Akwai, amma ba irin wanda ake nunawa yana tartsatsi ba. Na Riruwai, can ƙasar Doguwa, ya mutu fiye da shekara miliyan 150 da suka wuce, ragowar duwatsun da ya amayar ne suka rage a tsaunukan can. An kai mu daga makaranta muna aji biyu, mun gani da idonmu. Dala da Goron Dutse kuwa ba su cikin wannan lissafi, su marmara ce mai tama a kansu.

Musa Ƙofar Ruwa: Alhaji jan ƙarfe kuɗi ne a yanzu, wannan ni shaida ne. Tsohuwar waya da kwayil ɗin janareto ba sa kwana a wurinmu. In har dutsen na gaske ne kada ka yi sanya.

Injiniya Bashir: Salam. Ranka ya daɗe, na daɗe ina aikin nan a daji, bari in yi bayani da ɗan tsawo, a yi mini haƙuri.

Dutsen da ka gani, in dai yadda ka siffanta shi ne, ba ƙarya ba ne. Koren sunansa malakait, shuɗin kuma azurait, dukansu tsatsar jan ƙarfe ce. Ka tuna yadda tsohuwar butar tagulla take yin kore in ta daɗe a danshi, to haka dutse ma yake yi. Matsalar ita ce jan ƙarfe ɗan kaɗan yana iya rina dutse mai yawa. Saboda haka launin yana gaya maka cewa akwai, amma ba ya gaya maka nawa ne, ba ya gaya maka zurfinsa.

Zancen duwatsun aman wuta kuma yana da tushe. Idan narkakken dutse ya kwararo ya daskare, yakan bar ƙananan ramuka da tsage-tsage a jikinsa, kamar cikin burodi. Daga baya ruwa mai tsananin zafi yakan taso daga ƙasa ɗauke da narkakkun ƙarafa, ya bi ta waɗannan kafofin, in ya huce ya sauke kayansa a nan. Haka aka samu wuraren haƙar ma'adini na Mantos Blancos da El Soldado a ƙasar Chile, jan ƙarfe tare da azurfa a cikin duwatsun aman wuta. A jihar Michigan ta Amurka har tsantsar jan ƙarfe aka riƙa cirowa daga ramukan irin wannan dutse, wani lokaci da azurfa manne a jikinsa. To amma dutsen aman wuta ya cika duniya. Tudun Biu a Borno shi ne, wajen Panyam a Filato shi ne. Dutsen mazubi ne kawai, mafi yawansa wayam yake.

Abin da aka san Riruwai da shi kuza ce da tutiya da wani baƙin ma'adini da ake kira kwalambait. Ana samun ɗan jan ƙarfe da dalma a cikin jijiyoyin wurin, wato layukan ma'adini da suka ratsa dutsen, wannan gaskiya ne, amma 'yan rakiya ne. Duk wanda ya ce ya samo babban jan ƙarfe a yankin, ban ce ba zai yiwu ba, sai dai shi zai kawo hujja.

Alhaji Sabo: Na gode Injiniya. To ai sun ce sun huda, ga kuma takarda. Wannan ba hujja ba ce?

Injiniya Bashir: Da wane inji suka huda? Wannan ka fara tambaya.

Malam Ɗanlami mai burtsatse: Yauwa, an zo wurina. Alhaji ni shekarata 18 ina haƙa rijiyar burtsatse, daga Rijiyar Zaki har Gaya. Injinmu da iska yake aiki, guduma ce a can ƙasa tana daka dutse, iskar tana feso garin sama. In muka shiga dutse, ni da yarana sai mu koma fari fat kamar an birkiɗa mu a toka. Garin mita 30 da na mita 45 duk a wuri guda suke zuba su cakuɗe, bangon ramin ma yana zubowa ciki. Ni ruwa nake nema, bai dame ni ba. Amma sau biyu ana ɗaukata haya wai in huda wurin ma'adini. Na yi, an biya ni, suka kwashi garin a buhun siminti suka tafi. Ko a lokacin na san ba za su iya cewa daga wane zurfi kowane gari ya fito ba.

Injiniya Bashir: Allah ya saka da alheri Malam Ɗanlami, ka rage mini aiki. Akwai injin bincike mai iska shi ma, amma bututunsa biyu ne, ɗaya a cikin ɗaya, garin yana hawowa ta na ciki bai taɓa bango ba, kuma kowace mita da buhunta da lambarta. Wanda ya fi shi shi ne mai bakin daimon. Bakinsa zobe ne da aka dasa wa ƙananan daimon, yana juyawa ana zuba masa ruwa, yana yanko dutsen a mulmule kamar sandar rake. Wadda aka fi amfani da ita kaurinta milimita 47 da 'yan kai, babbarta kuma 63 da rabi.

Ba na mantawa da ranar da na fara tsayawa a kan irin wannan inji. Aka zaro bututu aka zazzage sandar a kwami, da ɗuminta, aka jera a akwati mai layi-layi, aka sa ɗan katako aka rubuta zurfin. A bushe ba ka ganin komai, toka-toka ce. Ogana ya ɗebo ruwa a kofi ya watsa mata, sai ga wasu siraran zare ruwan zinariya sun fito suna ƙyalli. Zuciyata ta buga. Ya miƙo mini gilashin dubawa da ƙusa ya ce in karta. Wanda ya kartu shi ne mai jan ƙarfen, wanda ya ƙi kartuwa kuwa firit ne, zinaren wawaye, ba shi da kasuwa. Rabin abin da ya burge ni a ranar firit ne.

Daga nan ake tsaga sandar gida biyu da zarto, a tsaye. Rabi ya tafi ɗakin gwaji, rabi ya zauna a akwati har illa ma sha Allah, domin duk mai shakka ya zo ya sake gwadawa. Kuma a cikin buhunan da ake aikawa ana cusa waɗansu na dutsen da aka san babu komai a ciki, da waɗanda aka riga aka san adadinsu, don a kama masu gwajin in sun yi sakaci. Alhaji ka ce su nuna maka akwatunan.

Musa Ƙofar Ruwa: Injiniya da girmanka, amma ku 'yan boko kullum haka kuke. A kawo wannan, a kawo wancan, har sai abu ya wuce. Baƙi suna shigowa dazukanmu suna loda tireloli suna fita, su wa ya tambaye su akwati? Mu muna nan muna jiran takarda.

Hajiya Binta: Musa wanda zai zuba miliyan 15 ai dole ya tambaya. Kai in aka kawo maka buhun waya ba ka zazzagewa ka ga ko an cusa ƙarfe a tsakiya?

Musa Ƙofar Ruwa: Ina zazzagewa Hajiya. Amma ina saye a ranar, ba na cewa a dawo baɗi.

Injiniya Bashir: Malam Musa akwai gaskiya a maganarka, kuma abin yana ci mini rai ni ma. 'Yan kasuwarmu suna da jarin da za su riƙe wannan harka, amma sun bar ta. Ba hana Alhaji nake yi ba. Bambancin shi ne kai kana sayen ƙarfen da ke kan sikeli, shi kuwa ana gayyatarsa ya biya kuɗin nema. Nema kuma yawanci ba a samu. Mafi yawan wuraren da ake hudawa a duniya ba sa zama mahaƙa. Mahaƙar zinariya ta Segilola a jihar Osun sai a 2021 ta fara fitar da zinariya, bayan an shafe shekaru ana huda ana lissafi. Masu loda tirela da kake gani, ƙasar sama suke saye a hannun talakawa masu diga da shebur, kasadar tana kan mai digar.

Usman maƙerin fari: Ni azurfar ce ta tsaya mini. A Kurmi na gaji sana'ar nan, kuma ban taɓa jin mahaifina ko kakana sun ce ga azurfar da aka haƙo a ƙasar Kano ba. Tsofaffin kuɗi ake narkarwa, musamman mai kan matar nan da aka rubuta wa 1780, da karyayyun mundaye da zobba. Yaya ake ganin azurfa a dutse, Injiniya? Fara take fitowa?

Injiniya Bashir: Da wuya ka gan ta da ido, Malam Usman. Ɓuya take yi a cikin ma'adinin jan ƙarfe ko na dalma. Shi ya sa ake auna jan ƙarfe da kashi cikin 100, ita kuwa da giram a cikin tan guda na dutse. A ƙasar nan an fi samunta a cikin dutsen dalma, irin na Zurak a Filato da na wajen Abakaliki. Dutsen dalmar nan kuwa kowa ya san shi, shi ne tozalin da ake niƙawa.

Malama Rabi: To a nan nake so in shigo, tunda an ambaci dalma. Ni iyayena daga ƙasar Doguwa suke, har yanzu muna da gona a can, masara muke nomawa. Tun safe nake karanta ku, kowa na zancen kuɗin Alhaji, ba wanda ya tambayi gonar wa aka huda.

Kun manta Zamfara a 2010? A Bagega da Dareta da Yargalma mutane suka riƙa kawo dutsen zinariya cikin gida, ana niƙawa a tsakar gida inda yara ke rarrafe, ashe cike yake da dalma. Yara fiye da 400 suka rasu, waɗanda suka rayu da yawa ta taɓa musu ƙwaƙwalwa. Ba kamfani ne ya fara jawo wannan ba, labari ne ya bazu cewa akwai arziki a dutse. In yau aka ji a ƙauyenmu cewa wani Alhaji daga birni ya zuba miliyoyi saboda koren dutse, wallahi kafin sati matasa sun bar gona sun kama tono, mata su kama daka a turmin da suke daka hatsi.

Sannan ruwan da ke gangarowa daga tsaunukan can ta Falgore yake bi ya faɗa madatsar ruwa ta Tiga. Daga Tiga ake ban ruwan shinkafa da tumatir a Kura da Kadawa, daga kogin ne kuma ake tace wanda ke zuwa famfunan birni. Abin bai tsaya a kanmu mu 'yan ƙauye ba.

Alhaji Sabo: Malama wallahi ban yi wannan tunanin ba. Ban ma tambaye su ko na wane ne filin ba.

Barista Nura: Ina bin ku a hankali. A doka, duk ma'adinin da ke ƙarƙashin ƙasa na gwamnatin tarayya ne, tsarin mulki ya faɗa, dokar ma'adinai ta 2007 ta maimaita. Mai gona ba shi da ikon sayar maka da abin da ke ƙasan gonarsa, haka mai gari, haka shugaban ƙaramar hukuma. Amma kuma ba a shiga gonar mutum sai da yardarsa, kuma abin da aka lalata sai an biya diyya. Lasisin bincike daga ofishin Kadasta na ma'adinai a Abuja yake fitowa. Shekara 3 ne, ana iya sabunta shi sau biyu, shekara bibbiyu, kuma filin ba ya wuce murabba'in kilomita 200. Lasisin nema ne, ba na haƙa a sayar ba, wancan takarda ce daban, kuma kafin a fara haƙar sai an yi yarjejeniya a rubuce da al'ummar wurin. Alhaji ka karɓi lambar lasisin ka turo mini, ana iya dubawa. Sau da yawa za ka tarar filin da ake tallata maka yana cikin lasisin wani.

Aminu: Malama Rabi, shi hudawar bincike ai ba ta da ɓarna sosai ko? Rami ne kamar na burtsatse.

Malama Rabi: Aminu ramin ƙarami ne, amma motar da ta kawo injin fa? Ta cikin shuka take bi. Ruwan da injin yake sha daga ina? Daga rafin da muke sha da rani. In za a yi, a zo da sallama, a biya, a toshe ramin in an gama. Ni ban ƙi arziki ya zo garinmu ba. Mun ga zamanin kuza ai, kakannina sun yi leburanci a Riruwai. Da farashin kuza ya faɗi a 1985 kowa ya watse, ramukan ne suka zauna da mu.

Injiniya Bashir: Gaskiyarki Malama. Akan haƙa ɗan kududdufi a gefen inji, ruwan ya riƙa zagayawa maimakon ya malale cikin rafi, in an gama a cike shi, a toshe bakin ramin da siminti a rubuta lamba. Wanda ya san aikinsa haka yake yi.

Alhaji, saura karatun takardar. A misali, in ka ga an rubuta kashi 1 cikin 100, ma'anarsa kilo 10 na jan ƙarfe a tan guda na dutse. A 2024 tan na jan ƙarfe ya haura dala 10,000 a kasuwar duniya, ka ga kenan dutsen nan tan ɗinsa dala 100 ne a kan takarda. Daga ciki za a cire kuɗin fasawa, da ɗauka, da niƙa, da wankewa, da dizal, da abin da zai zube. In kuwa ka ga kashi 15 ko 20, kada ka yi murna tukuna, ka tambaya ko tsintar dutsen aka yi da hannu. Kai ɗan Kwari ne, ka san turmin da ake ɗorawa a saman dila.

Akwai kuma dabarar tsawo. Ɗauki yadi guda, soka allura ta fuskarsa, nan take ta ɓulla. Amma in ka bi da ita ta cikin kalmasa, sai ta yi ta tafiya ba ta fita daga yadin ba. Jijiya mai kaurin mita 2, in aka bi ta a tsawonta, sai a rubuta maka mita 40 na ma'adini, kuma ba a yi ƙarya a lamba ba. Saboda haka rami ɗaya ko biyu ba sa isa. Sai an jera ramuka an gicciya jijiyar ta wurare da yawa.

Hajiya Binta: Ita kanta takardar ba a iya haɗa ta a shagon kwamfuta?

Injiniya Bashir: Ana iyawa Hajiya, maganinta a kira ɗakin gwajin a ba su lambar. Wanda ya fi wannan haɗari shi ne a yi wa samfurin barbaɗe kafin ya isa can. A 1997 asirin kamfanin Bre-X na Kanada ya tonu. Sun ce sun samo zinariya mai ɗimbin yawa a Busang ta Indunusiya, mutane suka zuba dukiya, ashe garin zinariya ake barbaɗawa a samfur. Ba sa ajiye rabin sandar, niƙe ta suke yi. Da wani kamfani ya zo ya huda nasa ramukan a gefen nasu, bai tarar da abin kirki ba. Ɗakin gwajin bai yi ƙarya ba, abin da aka kai masa ya auna.

Malam Sani: Ƙarin bayani kaɗan ta fuskar addini, Alhaji. In haɗin gwiwa ne, riba tare asara tare, kowa ya san kasonsa, wannan babu laifi. Amma in sun ce za su riƙa ba ka kaza duk wata tabbas, alhali ko tan ɗaya ba a sayar ba, ka tambayi kanka daga aljihun wa zai fito. Kuma kada a yi cinikin biri a sama, ka je ka gani.

Aminu: Ni dai ina fata a samu. Ibn Baɗuɗa ya je Takadda a ƙasar Nijar ta yanzu a 1353, ya tarar ana haƙo jan ƙarfe ana zuba shi sanda-sanda, da siraran ake sayen nama da itace, ana kuma kai shi har Gobir da Borno. Kakanninmu sun yi wannan harka. Ga shi yanzu kowane gida a Kano na son sola, wayar jan ƙarfe ce, faifan kuma da azurfa a ciki, duk daga waje.

Musa Ƙofar Ruwa: Abin da nake faɗa kenan tun ɗazu.

Alhaji Sabo: Jama'a na kira yaron bayan isha'i, mun yi kusan awa guda. Bai ɓoye mini komai ba. Injin burtsatse suka ɗauka, rami biyu, babu sanda babu akwati. Abin da aka kai gwaji duwatsun da suka tsinta a sama ne, ba garin ramin ba. Lasisi sun ce an shigar da takardu, bai fito ba. Mai gonar an ba shi dubu 50 da baki, babu rubutu. Shi kansa yaron ya sayar da babur ɗinsa ya zuba, muryarsa har rawa take yi. Ban ga alamar ya zo cutata ba, shi ma bai san abin da kuka gaya mini yau ba.

Miliyan 15 ba zan bayar ba. Amma ba na so in sallame shi haka. Injiniya, in za ka iya ba ni ranar Asabar, mu je ka ga wurin da idonka, ka ɗebi samfur da hannunka, ni zan biya mota da kuɗin gwaji da ladan aikinka.

Barista Nura: Ya turo mini shaidar shigar da takardun kafin ku tafi, da lambobin wurin daga wayarsa. In filin na cikin lasisin wani, ko samfur kada ku ɗauka.

Injiniya Bashir: Na amince ranka ya daɗe, in Barista ya ba mu hanya. Mu tashi bayan asuba ta Kwanar Ɗangora, don mu wuce Falgore da rana mu dawo da rana. Zan zo da guduma da leda da alƙalamin rubutu a leda. A gaya wa yaron kada kowa ya tara mini duwatsu kafin in zo, ni zan zaɓi inda zan sara. Aminu in ba ka da darasi ka biyo mu ka riƙe littafi.

Aminu: Ina nan zuwa in sha Allah.

Malama Rabi: In kun isa ku fara sauka ƙofar mai gari ku gaisa, a kira mai gonar a gabansa. Kuma don Allah Alhaji ko ƙyallin dutse ɗaya kada a bari a kai cikin gida a daka. Zan kira ƙanena da ke can ya tare ku a bakin titi.